Ɗigon Ruwa da Bakin Gatari



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna, na ga ya kamata in kawo ta gabanku domin mu yi tunani a kanta tare. Tambayar ita ce: abin da mutum ya tarar a duniya, bai gina ba, bai shuka ba, ba kuwa zai iya mayar da irinsa ba ko da zai shekara ɗari, shin yana da ikon hallaka shi don kawai ya faɗo a hannunsa? Na karanta amsoshin masana a kan wannan sa'ad da nake seminari, har na rubuta jarrabawa na ci. Amma ban san nauyin tambayar ba sai ranar da na shiga wani kogo a ƙasar waje tare da mahaifiyata, a daidai lokacin da gidanmu a nan Zuru yake cikin gardama a kan itatuwan gonar marigayi mahaifinmu.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 2023 ina ƙarin karatu a Roma. Ƙanwata kuwa tana aikin jinya a arewacin Italiya, kusa da birnin Tiriyeste, ita da maigidanta da ɗansu na fari mai shekara bakwai. Da Allah ya sauke ta lafiya a karo na biyu, sai suka ɗauko Mama daga Zuru domin ta taya ta jego. A watan Agusta na sami hutu, na je na same su. Wata ranar Asabar mijin ƙanwata ya ce bai kyautu tsohuwa ta zo Turai ta koma ba ta ga komai ba sai ɗaki da asibiti. Muka bar mai jego da jaririya a gida, mu huɗu muka shiga mota, muka ƙetara iyaka zuwa Silobeniya, wata ƙaramar ƙasa mai mutum miliyan biyu da 'yan kai, wadda ta sami 'yancinta a 1991, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jiharmu ta Kebbi. Ba mu cika awa guda a hanya ba muka isa wani gari da ake kira Fostoina, inda kogon yake.

Da Mama ta ga bakin kogon, ta ga mutane sun yi layi suna biyan kuɗi domin su shiga, sai ta tsaya cik. Ta ce, "Fada, mutum da ƙafarsa ya kai kansa rami tun ba a kira shi ba?" Muka yi dariya, amma na san abin da take nufi. A wurinmu kogo gidan kura ne da jemage, in kuwa aka tuna da shi da alheri, to, saboda kakanninmu ne da suka hau duwatsu suka fake a zamanin masu farautar bayi. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Jikanta ne ya kama hannunta ya yi ta ja, har ta yarda.

Kogon Fostoina ya wuce duk abin da muka zata. Tsawon hanyoyinsa da aka auna ya kai kilomita 24, amma baƙi kimanin kilomita biyar kawai suke gani. Wani ƙaramin jirgin ƙasa ne yake ɗaukar mutane ya kai su can ciki, sa'an nan a sauka a taka da ƙafa. Tun 1872 aka shimfiɗa masa dogo, a 1884 kuma aka sa wutar lantarki. An daɗe da sanin bakin kogon, gama akwai wanda ya rubuta shekarar 1213 a jikin bango, amma manyan ɗakunan ciki sai a 1818 wani ma'aikaci mai kunna fitilu, sunansa Luka Cec, ya gano su, lokacin da ake shirin tarbar Sarkin Ostiriya. A shekara ta gaba aka buɗe wa jama'a. Sanyin ciki ba ya canzawa rani da damina, kullum wajen digiri 10, kamar asubahin hunturu a tsakiyar Janairu. Mama ta ƙara zani a kan rigar sanyin da aka ara mata.

Abin da ido yake gani a ciki yana da wuyar faɗa. Daga rufi wasu tsinayen duwatsu suna rataye, waɗansu kamar nonon saniya, waɗansu sirara kamar tsinken tsintsiya. Daga ƙasa waɗansu sun taso kamar taɓarya a tsaye. Inda na sama da na ƙasa suka haɗu, sai su zama ginshiƙi. Akwai wani fari fat mai tsawon mita biyar, wanda hotonsa ne alamar wurin. Ba hannun magini ko ɗaya a cikin wannan aiki. Ruwa ne ya yi shi duka.

Bari in ɗan bayyana yadda ruwa yake yin haka, domin a nan ne tushen maganata yake. Dutsen wurin ba irin namu na Zuru ba ne mai taurin gaske. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi. Asalinsa ɓawo ne da ƙasusuwan ƙananan halittun teku, waɗanda suka mutu suka taru a ƙarƙashin ruwa fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, suka danne juna har suka zama dutse. Ruwan sama, in ya ratsa ƙasa, yakan kwashi irin iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye su ma suke fitarwa, sai ya ɗan yi tsami. Wannan ɗan tsami shi ne yake narkar da dutsen kaɗan kaɗan. Da haka wani kogi mai suna Fibka ya rarake dutsen cikin miliyoyin shekaru. Bayan kogin ya koma ƙasa ya bar ɗakunan wayam, sai ɗigon ruwa ya ci gaba da tsattsafowa ta rufi. Kowane ɗigo, kafin ya faɗi, yakan bar ɗan ƙurar dutse wadda ido ba ya gani, in ya faɗi kuma ya bar wata a ƙasa. A galibin wurare, abin da yake ƙaruwa bai wuce milimita ɗaya ba cikin shekara goma, watau santimita ɗaya a shekara ɗari. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. A nan kuwa da ɗigo dutse kan girma.

Kada mu ɗauka wannan labarin ƙasar Turawa ne kaɗai. Irin wannan dutse yana nan a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda masana'antar siminti ta fara aiki a 1967. Shi ma a ƙarƙashin teku ya taru, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, sa'ad da ruwa ya rufe ƙasar da yanzu muke kuka da ƙarancin ruwanta. Har yau ana tsintar ɓawon halittun teku a cikinsa. Da na gaya wa Mama cewa simintin ɗakinta daga gindin teku ya fito, ta dube ni ta ce, "To, Allah da iko yake."

Muna cikin tafiya, sai ɗan ƙanwata ya zame hannunsa daga na kakarsa, ya miƙa ta ƙarƙashin shinge zuwa wani ɗan tsini da bai wuce tsawon yatsana ba. Ba mugunta ba ce, tsaraba yake so ya kai wa uwarsa. Mai yi mana jagora ta hango shi, ta dakatar da shi cikin ladabi. Ta ce ko taɓawa ba a yi, gama maiƙon da ke jikin hannun mutum yakan ɓata launin dutsen, ya kuma hana ruwa zama a kansa. Yaron ya juyo gare ni da hawaye ya ce, "Kawu, ai suna da yawa. Guda ɗaya kawai nake so." Na tsuguna na yi masa lissafi. Na ce wannan ɗan abu, in tsawonsa santimita bakwai ne, to, bisa awon da aka gaya mana ya yi shekara ɗari bakwai yana girma. Tun kafin Kanta ya kafa daular Kabi ya gina birnin Surame a ƙarni na 16, shi yana nan yana tsiro. Na ce, "Kai kuma da yatsa biyu za ka karya shi kafin ka ƙirga uku. In kowane yaro da ya shigo ya ɗauki guda ɗaya, me za ka tarar yau?" Wannan ba zato ba ne. A ƙarni na 19 baƙi sukan karya su tafi da su, har ana sayar da guntaye a matsayin tsaraba, kafin a gane a hana.

Na ji daɗin amsata ƙwarai, na kuma zaci na gama aikina na malami. Ashe darasin nawa ne, bai ma fara ba.

A kan hanyar komawa, Mama ta yi shiru na dogon lokaci. Sa'an nan ta ce, "Fada, abin da ka gaya wa yaron nan, za ka iya gaya wa yayanka?" A nan ne ta buɗe mini abin da ta ɓoye tun zuwanta. Mahaifinmu ya rasu ya bar gona a bayan gari, cikinta akwai kaɗanya goma sha ɗaya da ɗorawa huɗu. Yayana, wanda gonar take hannunsa, ya yi ciniki da masu gawayi za su sare su duka. Dalilinsa ba na wasa ba ne. Babbar gonarsa tana can wajen Danko-Wasagu, kuma shekara biyu ke nan bai iya zuwa ba saboda 'yan bindiga. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta janye tallafin man fetur, komai ya yi tsada, gawayi ya yi daraja. 'Yarsa ta fari ta sami gurbin karatun jinya, ana neman kuɗin da ba shi da shi. Itatuwan nan su ne kaɗai abin da ke tsaye a hannunsa wanda wani zai saya a take.

Na tambayi Mama wa ya shuka itatuwan, ko kakanmu ne. Ta girgiza kai ta ce, "Kaɗanya ba a shuka ta, barin ta ake yi." Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau. Gaskiya ne, kowane manomi ya sani. Kaɗanya da kanta take tsirowa. Abin da manomi yake yi shi ne, in yana sassabe ya gan ta, sai ya kauce mata da gatari, in yana ƙona gona ya janye mata wuta, in yana huɗa ya zagaya ta. Takan yi kusan shekara goma sha biyar kafin ta fara 'ya'ya, takan kuma rayu har shekara ɗari biyu. Ke nan kowace babbar kaɗanya da muke gani a gona shaida ce ta mutum uku ko huɗu, uba da ɗa da jika, waɗanda kowannensu yana da gatari, kowannensu ya ga shekarar yunwa, amma ya wuce ya bar ta.

To, a nan ne na ga abin da kogon da gonar suka yi tarayya a kai. Mukan ɗauka cewa gado shi ne abin da iyaye suka tara da aikin hannunsu: gida, shanu, rumbu. Amma akwai wani irin gado wanda janye hannu ne yake tara shi. Abin da muka gani a Fostoina ya iso gare mu ne domin miliyoyin mutane sun wuce ta gabansa da hannuwansu a aljihu. Kaɗanyar mahaifina ta iso gare mu domin waɗanda suka riga mu sun haƙura. Irin wannan dukiya ba ta mutum guda ba ce, ko da sunansa ne a kan takardar gona, gama babu mutum guda da ransa ya kai tsawon lokacin da ta ɗauka tana haɗuwa. Wanda take hannunsa yau mai riƙon amana ne. Yana da ikon ya ci 'ya'yanta, ya sha inuwarta, ya sassare busassun rassanta. Amma ikon amfani dabam, ikon hallakarwa dabam. Wanda aka ba shi ajiyar saniya zai sha nono, ba zai kai ta mahauta ba.

Tsofaffin masana ma sun bi ta wannan hanya. Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya koyar cewa daidai ne mutum ya mallaki abu, domin abin da ke da mai shi ya fi samun kulawa, rigima kuma takan ragu in kowa ya san nasa. Amma ya ƙara da cewa, in an zo ga amfani, kada mutum ya riƙe abin kamar an halicce shi dominsa shi kaɗai. Ni kuwa ina ganin waɗanda za a yi tarayya da su ba maƙwabtanmu na yau kaɗai ba ne, har da waɗanda za su gaje mu.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma bai kamata in rufe kunne ba. Wani zai ce, wanda ba a haifa ba ba shi da hakki, gama babu shi, ta yaya za a zalunci wanda babu? Amsar tana cikin rumbunmu. Ko a shekarar da ta fi kowace tsanani, manomin kirki ba ya cin iri, alhali kuwa cikin waɗanda za su ci amfanin gona mai zuwa akwai jaririn da ko cikinsa ba a ɗauka ba. Matasanmu da suka yi golmo shekara da shekaru a gonar surukai, gidan da babu shi tukuna suke yi wa wahala. Mu mutanen ƙasar nan ba mu taɓa shakkar cewa ana bin mu bashin gobe ba. Sai da mai saye ya zo da kuɗi a hannu muka fara wannan shakka.

Wani kuma zai ce, ashe ba fasa dutsen Kalambaina ake yi ba, ana gina makarantu da asibitoci da ɗakunan sujada da shi? Ashe ba sassabe kakanninmu suka yi ba kafin su sami gona? Haka ne. Ba kowane karyawa ne laifi ba, in ba haka ba da ba wanda zai rayu. Amma ina ganin akwai tambaya uku da ya wajaba mutum ya yi wa kansa kafin ya ɗaga gatari. Ta fari: abin nan, zai dawo a zamanina ko a zamanin 'ya'yana? Ta biyu: babu wata hanya da zan biya bukatata sai wannan? Ta uku: wa zai ɗauki asarar, an kuwa tambaye shi? Wannan ta ukun ita ce muka fi tsallakewa. A gidajenmu, namiji ne yake sayar da itace, amma mata ne suke tsintar ƙwarar kaɗanya su yi man kaɗe, su dafa kalwa su yi daddawa, su kai kasuwa kowace shekara. Kuɗin gawayi sau ɗaya ne, ya shiga aljihun mutum ɗaya. Abin da aka yanke kuwa ɗan abin hannun mata ne na shekara hamsin masu zuwa. Ni kaina, kuɗin motar da ya riƙa kai ni seminari daga daddawar Mama ya fito.

Amma ja mafi ƙarfi daga bakin yayana ya fito, kuma shi ne ya hana ni barci. Na kira shi a waya a wannan dare, na jera masa duk waɗannan dalilai kamar yadda na jera muku. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Fada, kai ba ka da 'ya'ya. Ba a taɓa koro maka yaro daga makaranta ba. Kana zaune a Turai kana gaya mini darajar itace. Yarinyar nan ita ma ba gobe ba ce? Ko kaɗanya ta fi ta?" Na rasa abin cewa, domin gaskiya ya faɗa. Yarinyar ita ma amana ce, ita ma shekara goma sha tara aka yi ana renonta ɗigo ɗigo, kuma in damar karatun ta wuce, wataƙila ba za ta dawo ba. Shi Akwinas ɗin da na dogara da shi ya koyar cewa in bukata ta kai ga rai yana cikin haɗari, ko ɗaukar abin wani ba sata ba ne. Ran mutum yana gaba da itace, yana gaba da dutse. Duk wanda ya ce ba haka ba, bai san yunwa ba.

Na tuna da wani abu da muka gani a bakin kogon, kafin a kai ga fararen duwatsu. Bangon wurin baƙi ne ƙirin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar sun ajiye gangunan man jirgin sama kusan 1,000 a wurin. Ran 23 ga Afrilu 1944 'yan ƙasar masu yaƙin ƙwatar 'yanci suka lallaɓa suka cinna musu wuta. Wutar ta kwana bakwai tana ci. Waɗannan mutane suna da dalili mai ƙarfi, ƙasarsu suke karewa. Duk da haka dalilinsu bai wanke bangon ba, ga baƙin nan har yau bayan shekara tamanin. Abin da na koya shi ne, kyakkyawan dalili yana iya wanke mutum daga laifi, amma ba ya mayar da abin da aka rasa. Yayana ba zai zama mugu ba in ya sare itatuwan. Sai dai itatuwan za su tafi, jikokinsa kuma za su tarar da kututture.

Saboda haka tambayar ta juyo kaina. In gaskiya ne cewa itatuwan ba nasa ne shi kaɗai ba, to, nauyin barinsu ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Ba adalci ba ne mu ce dukiyar ta kowa ce, sa'an nan mu bar wanda ya fi mu talauci ya biya kuɗin tsaronta da makomar 'yarsa. Mai jagorar da ta hana yaro karya dutse albashi ake biyanta, kuma kuɗin da muka biya a bakin ƙofa shi ne yake riƙe da wurin. Mu kuwa muna son manomi ya tsare mana inuwa da ruwan sama da ƙasa mai albarka a kyauta. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa "kada ka sare," amma bai sa hannu a aljihu ba, wa'azi kawai ya yi, kuma wa'azi mai arha. Na gane cewa ni ne wannan mutum.

Ba zan ce muku komai ya ƙare lafiya lau ba. Na ba da abin da na tara domin sayen littattafai, ƙanwata da maigidanta suka ƙara nasu duk da hidimar haihuwa, Mama ta sa aka sayar da awakinta biyu. Duk da haka bai kai ba. Aka sare kaɗanya uku, waɗanda suka tsufa suka rage 'ya'ya, aka bar sauran. Yarinyar ta shiga makaranta a makare, amma ta shiga. Yayana ya yi wata biyu ba ya ɗaga wayata, gama ya ji kunyar mai gawayin da ya riga ya yi wa alkawari, kuma ba wanda yake son ƙanensa ya koya masa hankali. Da na dawo gida muka zaga gonar tare, ba mu yi magana mai yawa ba. Na ga ya kewaye waɗansu ƙananan kaɗanya biyar da ƙaya domin kada awaki su ci. Shi da ni ba za mu ga cikar girmansu ba. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya ku 'yan'uwana, duk mai bin hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi a jere a bakin titi, ya kuma san cewa itacen kaɗanya yana cikin waɗanda masu gawayi suka fi nema. Ba na zargin mai sara, ba na zargin matar da ta saya domin ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma ina roƙon kowane gida da yake da irin wannan gado ya zauna ya yi shawara kafin a kira mai injin yankan itace, a kuma sa mata a cikin shawarar. Ina roƙon waɗanda Allah ya ɗaga a cikinmu, ma'aikata da 'yan kasuwa da na ƙasashen waje, su tuna cewa inuwar da suka taso a ƙarƙashinta wani ne yake tsaronta a madadinsu. Ƙungiyoyinmu na mata da na matasa sun iya adashi, ba zai gagare su ba su ware wani abu domin ranar da ɗan'uwa zai tsaya tsakanin kuɗin makaranta da itacen ubansa.

Ba itace da dutse kaɗai ke girma ta wannan hanya ba. A ƙasar Zuru, gida ɗaya za ka tarar da Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni, suna ci a ƙwarya ɗaya, suna binne matattunsu tare, suna haɗuwa a bikin Uhola. Ba wanda ya kafa wannan da doka. Gaisuwa ce ta kowace safiya, da aron fartanya, da maganar da aka haɗiye ba a faɗa ba, shekara bisa shekara, suka tara shi. Shi ma tarar da shi muka yi. A wannan zamani na tsoro, jita-jita guda a waya ta isa ta karya shi, kuma mai karyawar ba zai rasa dalili ba. Sai mu yi masa tambayoyin nan uku shi ma.

Ɗan ƙanwata bai kai wa uwarsa tsarabar dutse ba. Hoto muka saya masa a bakin ƙofa. Da muka isa gida ya nuna mata, ya ce, "Mama, akwai wani ƙarami da na bari, in na girma zan koma in duba shi." Ko da zai koma yana da furfura, abin da zai ƙaru bai kai faɗin farcensa ba. Amma zai same shi a wurin.

Allah ya ba mu hikimar sanin abin da za mu ɗauka da abin da za mu bari, ya kuma ba mu zuciyar taya juna ɗaukar nauyin barin. Ku huta lafiya.